Jaririn da ba ya barin ƙunzugu ya bushe: yaushe ne lafiya, yaushe ne ciwo?

Ranar da na je duba ƙanwata, kwana 19 da haihuwarta ta fari, abin da ya fara tarbata a tsakar gida igiyar shanya ce. Daga wannan bango zuwa wancan ƙunzugu ne da zannuwan goyo, wasu sun bushe ƙarau saboda iskar hunturu, wasu suna ɗiga. Na same ta a ɗaki tana canza wa yaron. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, anya yaron nan lafiya yake? Daga asuba zuwa yanzu wannan ne na bakwai."

Ashe kafin in iso an riga an ba ta amsa uku. Surukarta ta ce sanyi ne ya shige shi, a nemo dauri. Wata maƙwabciya ta ce nonon ne ya tsinke ya zama ruwa, ta rage ba shi da dare. Mijinta kuwa, wanda mahaifinsa ke fama da ciwon suga, bai ce uffan ba, amma an gan shi tsugune a bakin baho yana duba ko kiyashi sun taru a kan ƙunzugun da aka cire.

A cikin ukun, mijin ne ya fi kusa da tunanin likita, ko da yake tsoron nasa bai tabbata ba. Shawarar maƙwabciyar ce mai haɗari, kuma zan dawo kanta. Abin da ke rikita zancen tun farko shi ne suna ɗaya muka ba abubuwa biyu. In muka ce "yawan fitsari", wani lokaci muna nufin yaro yana yi a kai a kai, kaɗan-kaɗan. Wani lokaci kuma muna nufin jimillar ruwan da ke fita daga jikinsa a yini ta wuce kima. Na farko ɗabi'ar kusan kowane jariri ce. Na biyu shi ke sa likita ya gyara zama.

A fara da abin da ke shiga cikinsa. Jariri ba ya cin tuwo, duk abincinsa sha ne. Nonon uwa kimanin kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma a watannin farko yaro yana shan wajen mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 5 ke nan yana shanye mililita 750, ledar fiya-wata ɗaya da rabi. Ba za ka ga girman abin ba sai ka ɗora lissafin a kan babba. Magidanci mai kilo 60, in da zai sha gwargwadon haka, lita 9 zai kwankwaɗa kullum, leda 18. Wanda ya sha leda 18 kuwa ai ba a tambayarsa dalilin zaryar makewayi.

Sai ma'ajiyar. Mafitsarar babba tana ɗaukar mililita 400 zuwa 500 kafin ta matsa masa sosai. Ta sabon haihuwa da ƙyar take kai 30, cokali biyu na cin abinci. Likitocin yara sukan ƙiyasta ta da mililita 7 a kowane kilo cikin shekarar farko, don haka mai kilo 5 tasa ba ta wuce 35 ba. Ƙodarsa kuma tana sako mililita 1 zuwa 3 a kowane kilo cikin kowace awa. Ɗauki 3, za ka ga yaron ya fitar da 360 a yini da dare. Kasa 360 ɗin nan gida-gida na 35, ka sami wajen 10. Ga shi ba ya jira sai ta cika, ba kuma kullum yake juye ta duka a lokaci ɗaya ba. Shi ya sa sau 15 har 20 ba baƙon abu ba ne ga jariri mai ƙoshin lafiya. Babba yana jin matsi ya daure har ya idar da salla ko ya sauka daga mota, domin ƙwaƙwalwarsa ce ke riƙe da linzamin mafitsara. Wannan linzami ba ya shiga hannun yaro sai wajen shekara biyu zuwa uku. Kafin nan, da ta ɗan cika sai ta saki.

Ita ƙodar ma ɗanya ce, kuma nan ne ainihin zancen yake. Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ake gama halittarsu wajen mako na 36 na ciki. Adadin ya cika kafin haihuwa, amma aikin bai nuna ba, sai yaro ya doshi shekara biyu. Babban abin da ƙodar jariri ba ta ƙware a kai ba shi ne tattalin ruwa. Duk wanda ya taɓa azumi a watan Afrilu ya san yadda fitsarinsa ke komawa da la'asar, ɗan kaɗan, jajir, mai wari. Ƙoda ce ta ga babu ruwa, take mayar da shi cikin jini, tana cusa dattin a ɗan abin da ya rage. Iyakar ƙoƙarin ƙodar jariri a wannan aiki kusan rabin na babba ne. Dole ta kashe ruwa mai yawa kafin ta fitar da datti kaɗan. Daga nan fitsarin nan fari tas, marar wari, mai zuwa a kai a kai ya samo asali.

To kun ga inda shawarar maƙwabciya ke kaiwa. In aka rage wa yaro nono, ƙodarsa ba za ta iya matse famfo kamar ta babba ba, za ta ci gaba da zubar da ruwan da ba a mayar masa ba. Jikin jariri kuma kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ne, bushewa ba ta yi masa wuya. Ƙari a kan haka, nono tsotso ke kawo shi, kuma shayarwar dare tana cikin abin da ya fi riƙe shi. Uwar da ta rage ba da shi da dare, bayan mako biyu ita ce za ta zo tana cewa nononta ya ɗauke. Batun tsinkewa kuma, nonon da ya fara zubowa a farkon kowane tsotso dama haka yake, tsararo-tsararo. Mai maiƙon yana biyo baya, in an bar yaro ya gama da mama ɗaya kafin a juya shi.

Makon farko ne kaɗai lissafin yake daban. Dakashi kaɗan yake zuwa, don haka fitsarin ma kaɗan ne: ƙunzugu ɗaya a ranar farko, biyu a ta biyu, uku a ta uku, haka yake hawa har nono ya kawo sosai. Zuwa kwana biyar ko shida, kafin ranar suna dai, ana so a ga aƙalla shida jiƙaƙƙu a yini da dare. A kwana biyu ko ukun farko uwa za ta iya ganin wani tabo ja-ja kamar garin jan bulo a ƙunzugu, hankalinta ya tashi ta ce jini ne. Yawanci wani gishiri ne da ƙoda ke fitarwa lokacin da ruwa bai wadata ba, kuma yana ɓacewa da nono ya kawo. In ya zarce kwana huɗu, alama ce yaron ba ya samun isasshe. Wanda kuma ya yini ya kwana da haihuwa bai yi fitsari ko sau ɗaya ba, a gaya wa ma'aikatan asibiti, kada a jira.

Wani abin da ke ba ni sha'awa shi ne magabata sun san wannan hali na jarirai tun kafin a ƙirƙiro ma'aunin mililita. Malaman fiƙihu na Malikiyya sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta na fitsarin yaro, matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, suka kuma so ta keɓe zane na salla. Ba a yin rangwame sai a kan abin da ya zama ruwan dare.

Zamani ya ɗan sauya yadda ake ganin abin. Uwar da ke amfani da ƙunzugun tsumma tana sanin kowane ɗigo, ita ce kuma ke yawan tsorata. Mai amfani da famfas ba ta gani, domin garin da ke cikinsa yana shanye ruwa ya zama kamar kamu, saman ya zauna a bushe. Ga tsada ta sa ana barin ɗaya ya yini. Ita wannan ta biyun matsalarta akasin ta farko ce, yaro zai iya rage fitsari ba ta lura ba. Dabarar da ungozomomi ke koyarwa mai sauƙi ce: a zuba ruwa cokali biyu ko uku a sabon famfas, a ɗaga a ji nauyinsa a hannu, wannan shi ake kira jiƙaƙƙe ɗaya. Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu da damina gumi kaɗan ne, ruwan sai ya bi ta ƙasa. Da bazara ta kama, a Maris da Afrilu, za a ga ya ɗan ragu. A nan surukar ƙanwata tana da 'yar gaskiya: sanyi yana ƙara fitsari. Sai dai sanyin gari ne, ba wata cuta da ke neman dauri ba.

Akwai kuma yawan fitsarin da mu muke jawowa da hannunmu. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. Amma binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla, kuma ruwa ne abin da aka fi haɗawa da shi. Hujjar kullum ita ce zafi: "Kai ma da kake babba ka ji yadda maƙogwaronka ya bushe, ina ga wannan ɗan tayi?" Tausayi ne, babu shakka. Amma ruwan yana cika ɗan cikin da nono ya kamata ya cika, tsotso ya ragu, nono ya ragu. Abin da ya fi damuna a nan shi ne ruwa yana ɓata ma'aunin. Ƙunzugu shida shaida ce ta ƙoshi ga yaron da nono kaɗai yake sha. Wanda ake ɗura wa ruwa zai jiƙa goma alhali yana ramewa, uwar tana ganin komai lafiya. Haka wanda ake tsinka wa madarar gwangwani don ta kai ƙarshen wata. In abin ya yi yawa, gishirin jininsa ne ke tsinkewa, yaro ya yi laushi, har ya kai ga jijjiga, a ce iska ce.

Yanzu ga inda ciwo yake. Mafi yawa a cikin cututtukan da ke taɓa fitsarin jariri shi ne shigar ƙwayoyin cuta mafitsara, abin da mutane ke jefawa cikin babban buhun nan mai suna "sanyi". Yawanci ƙwayar E. coli ce, wadda gidanta hanji, take tsallakowa daga kashi. Shi ya sa ake cewa a wanke 'ya mace daga gaba zuwa baya. A watannin farko maza sun fi kamuwa, musamman waɗanda ba a yi wa kaciya ba. Daga baya mata ke karɓar gaba saboda hanyar fitsarinsu gajera ce. Wahalar ita ce jariri ba zai ce yana jin zafi ba, kuma ba a gane ƙaruwar fitsari ga mai yi sau 15 dama. Abin da ake gani zazzaɓi ne ba tari ba mura, ƙin mama, amai, kuka marar dalili, fitsari mai wari ko duhu-duhu, wani lokaci shawarar da ta ƙi washewa bayan mako biyu. A wurinmu kuwa kowane zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an ga akasi, in yaro ya kai wata biyar kuma a ce haƙori ne. Sai a sayo magani a kemis, a yi kwana uku, a canza wani, ƙwayar cutar kuma tana hawa zuwa ƙoda, inda take barin tabon da kan dawo bayan shekaru da sunan hawan jini. Ƙa'idar likitocin yara a nan ba ta da kwana-kwana: jariri ɗan ƙasa da wata uku da zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, asibiti za a kai shi a ranar. Kuma a bari a ɗebi fitsarin kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ɗigon da aka ba shi a gida yana iya ɓoye cutar daga gwaji ba tare da ya kashe ta ba.

Ga 'ya'ya maza akwai wani abin da ido kawai ke kamawa. Duk wadda yaro ya taɓa tsula wa fitsari a fuska lokacin wanka, ta gode wa Allah, hanyar a buɗe take. Wanda nasa ke ɗiga kawai, yana yunƙuri yana nishi, ƙunzugunsa kullum a jiƙe amma ba a taɓa ganin ya harba ba, ga mararsa ta yi tauri, ana iya samun wani tantani da aka haife shi da shi ya tare hanyar daga ciki. Yana faruwa ga kamar ɗaya cikin maza 5,000 zuwa 8,000. Fitsarin da ya rasa mafita yana komawa sama ya danne ƙoda, kuma ƙodar da ta sha matsi takan rasa ikon riƙe ruwa gaba ɗaya. Hoton ciki yana nuna alamarsa, wani lokaci tun yaro yana cikin uwa. Gyaran kuma da siririn bututu mai kyamara ake shiga a fasa tantanin. Jinkiri ne ke cin ƙodar.

Sai tsoron mijin ƙanwata. Idan suga ya haura wajen 180 a ma'aunin jini, ƙoda ba ta iya tare shi, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi. Yaro ya yi ta jiƙa ƙunzugu sharkaf, ya yi ta tsotso kamar ba a taɓa ba shi ba, amma nama na zubewa. Sau da yawa akwai ƙurajen ƙunzugu da suka ƙi jin magani. In aka makara sai numfashi ya koma mai zurfi da sauri, a ɗauka ciwon haƙarƙari ne. A 'yan ƙasa da wata shida abin yana da wuyar samu, kamar ɗaya cikin haihuwa 100,000, kuma ba irin sugan kakansa ba ne, yawanci tangarɗa ce a ƙwayar halitta guda. A 2004 masu bincike a Ingila, Andrew Hattersley na Exeter da Frances Ashcroft ta Oxford da abokan aikinsu, suka gano ɗaya daga manyan dalilansa, kuma sanadiyyar haka da yawa daga cikin waɗannan yara suka bar allurar insulin suka koma shan ƙwayar maganin suga irin ta manya. Kiyashi kuwa ba ɗakin gwaji ba ne, suna taruwa a kan tumbuɗin nono ma. Ɗigon jini ɗaya daga diddige yana yanke gardamar cikin minti ɗaya.

Akwai ɗan'uwan ciwon suga a suna, domin a Turance duka biyun diabetes ake ce musu, amma shi babu suga a cikinsa. Likitocin Turai na da can ɗanɗana fitsari suke yi, suka raba shi biyu, mai zaƙi da lami. Shi na lamin ya shafi wani sinadari da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa yana umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Ko dai sinadarin ya yi ƙaranci, ko kuma ƙodar ta kurmance ba ta jin umarnin. Irin na kurmancewar ƙoda da ake gadonsa, kusan tara cikin goma ta wajen uwa yake biyowa ya faɗa kan 'ya'ya maza. Don haka in likita ya tambayi uwa ko a cikin 'yan'uwanta maza akwai wanda ba ya rabuwa da buta ko wanda ya rasu yana jariri da zazzaɓin da ba a gane ba, ba shisshigi yake yi ba. Yaron yakan yi zazzaɓi ba cuta, amai, kashi mai tauri, ya ƙi girma, in ya ga ruwa ya rikice. Sau da yawa abin ya fi fitowa fili lokacin da aka sauya shi daga nono zuwa madara, saboda madara ta fi ɗora wa ƙoda kaya.

Wanda ya fi kusa da gidajenmu shi ne sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Can tsakiyar ƙoda, inda ake tattalin ruwa, iskar da jini ke ɗauka kaɗan ce, gishiri kuma ya yi yawa, daidai yanayin da ke lanƙwasa ƙwayar jinin mai sikila. Tun yana ƙarami ƙodarsa ke fara rasa ikon riƙe ruwa. Irin wannan yaro ƙarin sha yake buƙata, domin bushewa ce ke tayar masa da ciwo, kuma shi ne daga baya ake duka a kan fitsarin kwance da ba laifinsa ba ne. A ƙara da ɗigon bitamin D in an zarce ƙa'ida, da wasu cututtukan ƙoda na gado, su ma suna kawo haka.

In ka lura, waɗannan masu zubar da ruwa duka alama ɗaya ke tona su: jiki da ƙunzugu sun saɓa wa juna. Yaron da gudawa ta busar, fitsarinsa raguwa yake yi, awa shida ko takwas ba ɗigo, wannan ma na gaggawa ne amma ba ya ɓuya. Wanda maɗigarsa ta faɗa, bakinsa ya bushe, ido ya zurma, yana kuka ba hawaye, amma famfas na cika yana tsiyaya, shi ne ake yaudaruwa da shi, a ce ai yana fitsari, ruwa bai ƙare ba.

A asibiti ba sa ƙirga sau nawa, aunawa suke yi. Ana ɗora busasshen famfas a sikeli, a sake ɗora shi bayan ya jiƙe, kowane giram ɗaya na bambanci mililita ɗaya ne. In jimillar ta haura wajen mililita 4 zuwa 6 a kowane kilo cikin awa, gwargwadon kwanakin yaron, sai a shiga bincike. Fitsarin gwaji kuma ba a matso shi daga ƙunzugu, ana tarar sa ne a kwalba mai tsabta yana fitowa, aikin da ke son haƙuri da saurin hannu. A gida kuwa katin awo ya fi duk wani ƙirge amfani. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar kafin mako biyu, daga nan ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 ko fiye a mako cikin wata ukun farko, ya ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar.

Abin da na gaya wa ƙanwata ke nan a ranar: ta ci gaba da ba shi duk lokacin da ya nema, ta bar dauri, ta duba yadda fitsarin ke fita in tana masa wanka, in ta ji jikinsa da zafi kada ta tsaya kemis. Da suka je rigakafin mako shida aka ɗora shi a sikeli, daga kilo 3.1 na haihuwa ya kai 4.2. Ma'aikaciyar ta rubuta a kati ta ce mata, "Maman yaro, ki ƙaro sabulu kawai." Surukar tata har yau tana nan a kan bakanta cewa sanyi ne, ta kuma saya masa safa da hular ulu.